Gonar da Muntaka Ya Nome

Duk wanda ya ce maka wa da ƙanwa ba sa gaba, ka ce ya zo gidan yayana Malam Kamaruddeen ya yi wata guda. Ni Fadima a gidan nake tun da mijina ya rasu na dawo gaban yayana. Ni na goyi Muntaka, ni na goyi Aina'u, kuma ban taɓa ganin saƙo da saƙo masu baƙin naci irin waɗannan biyun ba. Muntaka ne babba, kuma ɗan fari, saboda haka uwarsu ko sunansa ba ta kamawa, balle ta shiga tsakaninsu. Duk shari'ar gidan a kaina take ƙarewa.

Da a ce dambe suke yi, da da sauƙi, a raba su kowa ya share hancinsa. To su ba haka ba. Kunyata juna suka iya, kuma abin ba ya yi musu daɗi sai da 'yan kallo. Shi ya taɓa sace takardar jarrabawarta ta lissafi, wadda malami ya zana wa ƙaton sifili da jan biro, ya je ya manna ta a jikin teburin mai shayi. Ita kuma ta san ƙato ne har da gemu, amma kwaɗo yake tsoro kamar mutuwarsa. Ranar da aka aike ta kai musu abinci ƙofar gida shi da abokansa, sai ta haɗa da wani kwano a rufe. Yana buɗewa kwaɗo ya yi tsalle ya dira a cinyarsa. Ihun da ya kurma, "Wayyo Inna!", har bayan gari an ji shi, ya kifar da benci da miya da komai. Rani guda cur abokansa ba su kira shi da wani suna ba sai Wayyo Inna. Ni kaina na yi dariya har da riƙe ciki, ban san ja'irin ya ƙulla abin a ransa ba.

A ƙarshen ranin nan ne Jamilu ya fito neman Aina'u. Yaro mai hankali, yana da shagon gyaran waya a Tsanyawa, ita ma tana sonsa, ko sunansa aka ambata sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Aka sa ranar da mahaifiyarsa da ƙannenta za su zo ganin gida. A wajenmu in irin waɗannan baƙi suka zo, yarinyar ce take dama musu fura da hannunta ta kawo, don daga furar suke gane wace iri ce. To Aina'u Allah ya ba ta kai, ya ba ta hannun ɗinki, amma a madafi sai addu'a. In ta dama fura, rabi ruwa ne tsululu, rabi gudaji. Sai na ce me zai sa a kori alheri saboda gudaji? Na shiga ɗaki na dama da kaina da kindirmo mai kyau, na murje ta sumul, na rufe da faifai na ce ta kai. Wace gwaggo ce ba ta taɓa yi wa 'yarta haka ba?

Mahaifiyar Jamilu ta kai ludayi baki, ta lumshe ido ta ce, "Masha Allahu, wannan hannu an sa masa albarka." Aina'u na durƙushe a gefe, mayafi har goshi. Sai ga Muntaka ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaishe su tsaf kamar ɗan kirki, sannan ya ce ƙishi yake ji, ko za a sam masa. Matar ta miƙa masa ludayi. Ya kurɓa, ya gyaɗa kai, ya juyo wajena.

"Kai, Gwaggo, damunki daban ne. Ɗazu da na leƙa na ga kina murzawa na ce yau baƙi sun more. Da ta Aina'u ce ai sai an haɗo musu da taɓarya."

Wallahi ji na yi kamar an kwara min tafasasshen ruwa. Matar ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta dubi yarinyar, sannan ta ja faifai ta rufe furar. Ba wadda ta ƙara kurɓa a cikinsu. Ba rashin iya damun ne ya ɓata musu rai ba. Cewa suka yi an mai da su sakarkaru, kuma gidan da zai yi ƙarya a kan fura me zai hana ya yi a kan abin da ya fi fura? Jamilu ya ɗauke ƙafa. Da kaka ta yi aka ɗaura masa aure da wata 'yar Tsanyawa.

Ubansu ya yi wa Muntaka faɗa kamar zai ari baki. Buɗar bakin ɗan banzan sai ya ce shi fa wasa yake yi, ai ita ma ta sa an mai da shi Wayyo Inna. Ka ji fa! Ya haɗa kwaɗo da aure.

Aina'u ta daina zuwa burtsatse, don tana ajiye bokiti 'yan mata za su fara tambayar juna wa ke da aron taɓarya. Ranar ɗaurin auren Jamilu da hantsi na same ta a ɗaki gaban keken ɗinkinta, ba ƙyalle ba zare, tana ta taka shi haka nan. Idonta a bushe ƙamas.

Ta ce, "Gwaggo, a gaban mutane ya yi min. A gaban mutane zan yi masa, kuma sai a wurin da ya fi so."

Na ce Allah ya ba ki sa'a, don ni ma a cike nake da shi. Har yau in na hango matan nan a kasuwar Tsanyawa sai na sauya layi. Amma ni na ɗauka wani kwaɗon za ta sake nemowa.

Daga ranar yarinyar ta canja. Ita da ba ta taɓa ce masa komai ba sai "kai", ta koma "Yaya". Ta wanke masa kaya, ta goge, da salla ta ɗinka masa riga ba ta karɓi ko na zare ba. Shi kuwa sakarai ya baje, yana gaya wa abokansa ai yanzu ta gane babba babba ne.

Abin da ya fi so kuwa ba ɓoyayye ba ne. Rukayya ce, ƙawar Aina'u tun makaranta, 'yar Malam Yahya na Tudun Kanya, can ta wajen Kunci. A tsakar gidanmu ya fara ganinta ta zo karɓar ɗinki, tun daga nan ya susuce. Muntakan da ba ya wanka sai an yi faɗa ya koma sayen turare. In ta yi masa waya sai ya zagaya bayan rumbu yana magana ƙasa-ƙasa yana tsinkar ganye. Ni na san son gaskiya yake yi mata, ban taɓa ganinsa ya nutsu a kan wani abu haka ba. Aka kai gaisuwa, aka kai kayan na gani ina so cikin akwati, Malam Yahya ya karɓa, amma ya ƙi sa rana. Ya ce a bar shi ya ƙara nazarin yaron zuwa kaka. Mutum ne mai tsauri, talaka mai zuciya, ba shi da ɗa namiji da ya tasa, ga ƙafa ɗaya tana ba shi wahala.

Damina ta sauka, shuka ta yi kyau, ciyawa ta taso ta isa noman farko. Sai Muntaka ya ce zai yi abin da aka daina yi, zai kai wa surukinsa gayya. A da haka ake yi. Saurayi ya tara abokansa da fartanyu da makaɗi, su je su nome gonar uban budurwa kyauta, a ga ƙarfinsa a ga jama'arsa. Yanzu kowa sai maganin feshi da 'yan ƙwadago. Ubansa ya ji daɗin maganar, amma ya ce masa ya aika wa Malam Yahya tukuna, a ba shi wanda zai nuna masa iyaka, don gonakin can a manne suke da juna, layin gamba kawai ya raba ta wannan da ta wancan. Muntaka ya ce a'a, so yake tsohon ya wayi gari kawai ya ji ganga a gonarsa. Burga dai. Ko Rukayya ya ƙi gaya wa. Shi kuma bai taɓa taka gonar ba, iyakarsa ƙofar gida wajen zance. Wa ya san ta a gidanmu? Aina'u, don ta sha raka Rukayya kai abinci.

Ina tankaɗe a tsakar gida na hango su a bakin rumbu, tana yi masa kwatance da hannu yana gyaɗa kai. Ban ji abin da take cewa ba. Na dai ji daɗi, har na ce a raina yaran nan sun girma.

Ranar gayya ana idar da asuba samari suka cika ƙofar gida da babura, fartanyu a ɗaure a baya, makaɗi rungume da gangarsa. Suka tafi. Mu kuma muka dafa dambu da kunun tsamiya, da hantsi 'yar ƙurƙura ta kwashe mu da abincin, ni da Aina'u. Ta ci ado da sabuwar atamfa, ta rambaɗa kwalli. Na ce ke gona za mu ko biki? Ta ce, "Ai ranar Yaya ce, Gwaggo."

Tun daga nesa muke jin ganga. Gona ce ƙatuwa a bakin hanya, da ɗorawa biyu a tsakiyarta, gero da dawa sun yi shar. Samari sun jeru kowa da layinsa, fartanyu na sauka tare, Muntaka a gaba ba riga, gumi na tsiyaya a bayansa. Makaɗi na biye da shi yana zuga shi da iyakar muryarsa: "Muntaka na Rukayya! Surukin Malam Yahya! Yau gonar Baba ta ga maza!" Sun riga sun cinye fiye da rabi. Abokansa na gefe suna ɗauka a waya. Gaskiya na ji alfahari, duk haushinsa da nake ji, har na rangaɗa guɗa.

Sai da na sauke guɗar na lura da mutanen gari. Sun cika bakin hanya, manya da yara, mata na leƙe ta saman danga, amma ba mai sa albarka, ba mai cewa sannunku. Wasu sun toshe baki da hannun riga, kafaɗunsu na rawa. Wata tsohuwa da itace a ka ta matso kusa da ni.

Ta ce, "Baiwar Allah, ku ne masu gayyar? Wa ya ce muku wannan gonar Yahya ce?"

Na ce to ta wane ne?

Ta nuna min da haɓa wani ɗan zirin gona a gefe, bayan layin gamba, ciyawa ta shaƙe shi har ba ka gane shuka. "Ga ta Yahya can. Wannan ta ƙaninsa ce, Alhaji Abdulkabir." Ta ce asali duk gonar ubansu ce. Da ya rasu suka yi ta shari'a a kanta har kotu, ƙanin mai kuɗin hatsi ya ci, ya bar wa wansa wancan zirin. Tun daga nan ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su. Malam Yahya ko inuwar ɗorawar nan ba ya bi, zagaye yake yi da ƙafarsa mai ciwo.

Na shiga uku! Na waiga neman Aina'u. Ta sauke kwanon dambu a gindin wata bishiya, ta zauna a kan saiwa, ta harɗe ƙafa tana kallo hankalinta kwance.

Na tattare zane zan kutsa gonar in tsayar da su, amma an riga ni. Yara sun kai labari gida biyu. Alhaji Abdulkabir ya fi zama a Bacirawa can Kano, sai aka yi rashin sa'a ranar yana gari. Ya sauka daga mota da babbar riga, ya tsaya ya saurari abin da makaɗi ke faɗa, sai na ga fuskarsa ta washe har kunne. Ya taka cikin gonar, ya zaro kuɗi ya liƙa wa makaɗin a goshi.

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Ku ci gaba, samari, Allah ya yi albarka! Ashe surukin yayana ya san mai gona. Ko a kotu ban samu shaida irin wannan ba."

Muntaka bai taɓa ganinsa ba, bai kuma gane inda maganar ta dosa ba. Ya ga babbar riga ya ɗauka wani babban dangi ne ya zo yaba masa. Ya yar da fartanya, ya zube a gabansa yana kwasar gaisuwa. A haka Malam Yahya ya iso ya same su. Ya zo yana ɗingishi da sandarsa, ya tsaya daidai layin gamba ta ɓangarensa. Ga wanda zai ba wa 'yarsa a durƙushe gaban ƙaninsa, a cikin gonar da aka ƙwace masa, ganga kuma na kiran sunansa a kai.

Makaɗi ne ya fara shan jinin jikinsa, gangar ta mutu a hannunsa. Muntaka ya hango tsohon, ya taso da gudu yana washe baki.

"Baba, ina kwana? Ɗan taimako ne muka kawo, saura kaɗan mu gama."

Wani a bakin hanya ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sai gaba ɗaya wurin ya ɗauka. Malam Yahya bai ko dubi masu dariyar ba.

Ya ce, "Sannunku da aiki. Sai ku ƙarasa wa mai ita."

Ya juya, ya jingine sandarsa, ya sunkuya da ƙyar a cikin nasa zirin ya fara cire ciyawa da hannu. Muntaka ya dubi tsohon, ya dubi ƙasar da yake tsaye a kai, ya dubi Alhaji yana gyara hula. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Ya shiga waige-waige har idonsa ya sauka a kan ƙanwarsa.

Ta ɗaga ludayi daga inda take zaune ta ce, "Yaya, a zuba kunun ne, ko sai kun gama?"

Samarin suka ce to bari su tsallaka su nome ta gaskiyar, ai ba ta da yawa. Malam Yahya ya miƙe ya ce duk wanda ya tsallako gambar nan bai yafe ba. Haka suka ɗaure fartanyu kowa ya hau babur ba mai kallon wani. Dambun ko buɗe shi ba a yi ba. Kafin mu isa gida hoton ya riga mu, har masu shayin Tsanyawa sun gani.

A gida da ƙyar ubansu ya riƙe Muntaka, don da ya kai ga Aina'u sai dai wani labarin. Ita kuwa ta tsaya a bayan uwarta tana cewa shi ne bai saurari kwatance da kyau ba. Sai da muka shiga ɗakina ta tura ƙofa, ta faɗa kan gado tana dariya har da hawaye.

"Ɗorawa biyu na ce masa, Gwaggo. Na ce in ya ga wadda ta fi kowacce girma a bakin hanya, ita ce."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, wannan gaskiya ne, kuma da na tuna fuskar mahaifiyar Jamilu sai da na ji wani sanyi a raina. Amma na ga tsohon nan yana cire ciyawa da hannu, abin ya tsaya min a rai. Na ce, "To ya isa haka. Kin rama har kin zarce. Rukayya fa, ita me ta yi miki?"

Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Ni da aka yi min, wa ya tambaya me na yi?"

Muntaka ya daina cin abinci, ya daina zama ƙofar gida. Wayar Rukayya a kashe. Ya je Tudun Kanya aka ce masa Malam ya ce ba ya nan, alhali yana jin tarinsa a zaure. Ya rame ya yi zuru-zuru. Wata safiya ina shara na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ya zo har bakin ɗakin ɗinki ya durƙusa wa ƙanwarsa, gwiwa biyu a ƙasa.

Ya ce, "Aina'u, don Allah don Annabi. Na cuce ki, na sani, ba wasa ba ne, mugunta ce na yi. Ki je ki gaya masa ke kika yi min kwatancen. In ya ji daga bakinki zai huce. Bayan nan ki yi min duk abin da kika ga dama, amma kar ki raba ni da yarinyar nan."

Hawaye yake yi sosai, har yana shiga gemunsa. Ta daɗe tana kallonsa, ƙafarta a kan keke. Can ta ce, "To, Yaya. Zan je." Na yi hamdala, na ce wuta ta mutu.

Yayana ya nemi limamin Tudun Kanya ya shiga tsakani, da ƙyar Malam Yahya ya yarda a zauna. Muka je mu huɗu, yayana da Muntaka da ni da Aina'u. Maza suka zauna a zaure, mu mata muka raɓe daga bakin ƙofar ciki. Ta ƙarƙashin labulen ina hango ƙafafun Rukayya, tana tsaye tana saurare.

Malam Yahya ya ce, "Magana ɗaya nake son ji. In ɓatar da shi aka yi da kwatance, to wauta ce, wauta kuwa ana yafe ta. In kuwa yana sane ya yi, shi ke nan."

Liman ya juyo ya ce, "Yarinya, ki ji tsoron Allah ki faɗi abin da kika sani."

Aina'u ta gyara durƙuso, ta sunkuyar da kai, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ni gonarka na kwatanta masa. Na ce 'yar siririya ce a bayan gamba. Sai ya ce wannan ta yi ƙanƙanta, ba za ta yi kyau a waya ba, abokansa za su ce surukinsa ba shi da komai. Ya ce bari su fara da babbar ta bakin hanya a ɗauki hoto, in ya so daga baya su tsallako taka. Na ce masa ta Alhaji ce, ya ce ai duk gonar gida ɗaya ce."

Muntaka ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai sunanta. Kuma abin takaicin, ƙaryar ta zauna masa daidai, don duk wanda ya san burgarsa zai ce zai aikata.

Ni kuwa kaina ya yi zafi, na manta a zauren mutane nake. Na miƙe tsaye na ce, "Ƙarya take yi, wallahi tallahi ƙarya take yi! Da bakinta ta gaya min a ɗakina, ɗorawa biyu ta ce masa!" Yayana yana cewa Fadima ya isa, Fadima zauna, ina! Na kwance musu komai tun daga tushe, takardar jarrabawa, kwaɗo, baƙin Tsanyawa, auren da ya watse, alwashin da ta ci. Na ce yaron nan shashasha ne, na yarda, mai baƙin baki ne, na yarda, amma bai san gonar ba. Sai da numfashina ya ƙare na zauna ina haki.

Malam Yahya ya daɗe yana murza kan sandarsa.

Ya ce, "Malama, na yarda da ke. Tun yarinyar tana magana na san ƙarya take yi."

Muntaka ya ɗago kai da sauri, idonsa ya kawo haske.

Tsohon ya ce, "Na ce in ɓatar da shi aka yi zan yafe, na kuwa yafe. Amma yafiya daban, aure daban. Ni da Abdulkabir da irin wannan muka fara, wannan ya ba da wancan a gaban mutane a yi dariya. Kun ga inda ta kai mu. Wanda ya iya tozarta ƙanwarsa a gaban surukanta, da wadda ta iya kallon idon liman ta kashe wanta, ba zan kai 'yata ta zauna a tsakaninsu ba."

Liman ya ba da haƙuri, ya jawo aya ya jawo hadisi. Yayana, da furfurarsa, ya cire hula ya roƙa. Muntaka ya ja gwiwa har gaban tsohon ya kama ƙafarsa, yana cewa zai ware gida, zai bar garin ma in ana so. Malam Yahya ya janye ƙafarsa a hankali, ya ɗaga murya ya ce a fito da kayan mutane. A bayan labule na ji kukan Rukayya ya ƙwace mata, wata ta ja ta zuwa ciki. Aka turo akwatin har tsakiyar zaure, ko kwaɗon jikinsa ba a taɓa buɗewa ba.

Mata ne suke kai irin wannan kaya, mata ne kuma suke komowa da shi in ya dawo. 'Yar ƙurƙurar da ta kawo mu tana can bakin hanya, sai an ratsa gari kafin a kai gare ta, ga mutane sun taru a waje suna jiran su ga yadda za a ƙare. Na yunƙura zan ɗauka, ƙuguna ya ƙi. Kafin in sake yunƙurawa Aina'u ta miƙe, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta sunkuya ta cicciɓi akwatin ita kaɗai ta aza a ka.

Muntaka na zaune a ƙasa inda tsohon ya bar shi. Ya ɗago ya dube ta, muryarsa a dushe ya ce, "Kin huce?"

Ta ce, "Yanzu na huce."

A bayan nan nawa na goya yarinyar nan, amma ranar tsoronta na ji. Ta yi wa liman sallama cikin ladabi, ta sa kai ta fita. Mutane suka dare suka ba ta hanya, ta wuce gabanmu tana tafiya a miƙe da akwatin wanta a ka, ko gammo ba ta nema ba.